Zumreta, Mai Tsaron Ramin Hazbiya

Daga Allah muka fito, kuma komai daɗewa wurinSa za a mai da mu. A safiyar Talata, sha biyu ga watan Nuwamban 2024, Allah Ya karɓi ran Zumreta Kurtagic, matar wana marigayi Hamdo, wadda duk wanda ya tashi a ƙauyenmu na Kostrin ya sani da Nana Zumreta. Ta cika a ɗakinta, a kan shimfiɗarta, ruwan kaka yana dukan rufi. Shekarunta tamanin da uku. Washegari bayan azahar muka yi mata salla, muka binne ta kusa da mijinta. A gefenta akwai wani ɗan fili da ta hana a taɓa fiye da shekara ashirin. Na ɗanta Nesib ne, kuma har yau ciyawa ce kawai a kansa.

Ni ne Arif, ƙanin mijinta. Ban yi makaranta ba, a aikin soja na koyi haɗa baƙi, don haka wanda ya ga karkata a rubutuna ya yi haƙuri. Na rubuta ne saboda 'ya'yanmu da ke warwatse a Jamus da Sweden da Amurka, waɗanda in sun zo hutun rani ba abin da suke ji sai cewa akwai wata tsohuwa mai faɗa da mutane a kan rami. Ina so su san a kan me take faɗan, tun da sauran wanda ya sani.

Zumreta, na san ki tun ranar da aka kawo ki gidanmu a kan doki, ina ɗan shekara goma sha huɗu. Ba ki cika mako ba kika raɗa mini suna Kan Dutse, don na rantse ba zan ci wainar dankalinki ba sai kin kira ni da girmamawa. Kika ce to in zauna da yunwata, girma ba ya zuwa da gashin baki uku. Na ci a ɓoye, kin gan ni, ba ki faɗa wa kowa ba sai da na yi furfura. Lokacin yankan ciyawa ke ce mai hawa tudu da tiren abinci a ka, har da rabon maƙwabtan da ba su kira ki ba. Da matata ta rasu, hunturu guda ba ki bari na hura wuta a gidana ni kaɗai ba. Kullum sai ki aiko a ce gahawa ta yi, in kuma na ƙi zuwa ki zo da kanki ki tsaya a ƙofa kina zagina har in taso. Ban taɓa yi miki godiya a kan haka ba. Kin san halina.

Yanzu bari in yi bayani ga waɗanda aka haifa a waje. Ƙasarmu dutse ce. In ka sa diga a saman ƙauye, ba ka yin taƙi biyu sai ta yi ƙara. Saniya in ta mutu, haƙa mata rami aiki ne da ke cinye ƙarfin maza uku. Shi ya sa tun kakanninmu duk dabbar da ta mutu sai a ja ta zuwa Ramin Hazbiya, wannan baƙin bakin da ke buɗe a tsakanin duwatsu a saman makiyaya, a tura ta ciki. Muna yara mukan jefa dutse mu kasa kunne, ba ma jin ya sauka. Sai manya su ce ai ramin ba shi da ƙasa, abin da ya shiga ya tafi ke nan. Ubana ya yarda da haka, ni ma na yarda, limaminmu na wancan zamani ma ya yarda.

A ranin 1992 masu bindiga suka zo Kostrin. Suka ware maza, suka kora wasu zuwa tudu. Nesib yana cikinsu, yana ɗan shekara ashirin da biyu, da rigar aikin gona a jikinsa. Mu da muka rage aka loda mu a motoci. Ba zan faɗi fiye da haka ba, waɗanda suka sani sun sani.

Bayan yaƙi, da muka dawo muka sake ɗora rufi, sai aka turo masu shiga kogo da igiyoyi. Suka sauka cikin Ramin Hazbiya, suka yi ta turo buhuna sama. Aka shimfiɗa tamfal a kan ciyawa ana juyewa. Zumreta, ina gefenki ranar. Ƙoƙon kan saniya, haƙarƙarin doki, ƙahon rago, takalmin mutum, ƙashin mutum, duk a cakuɗe. Shanun kakanninmu ne da 'ya'yanmu a wuri ɗaya. Mata suna kuka, ke ba ki yi ba. Kin daɗe kina kallo, sannan kika ce da ni a hankali:

"Arif, ashe yana da ƙasa."

An gane sauran ta gwajin jini, aka ba iyalansu suka binne. Nesib ba a same shi ba. Shugaban masu igiya ya zo har gida, ya cire hularsa, ya ce a can ƙasa ramin ya gangara ne ya shige cikin ruwa, ruwan kuma ya nutse ƙarƙashin dutse inda mutum ba ya iya bi. Wana Hamdo bai ƙara tashi sosai ba bayan wannan magana. Ke kuwa tambaya ɗaya kika yi, kika ce ruwan ina yake zuwa. Mutumin ya ce bai sani ba.

Kin tuna abin da tsofaffi ke yi in masu injin niƙa na ruwa suka yi gardama a kan mai rafi. Sukan zuba ƙaiƙayi inda ruwa ke nutsewa, su jira su ga inda zai ɓullo. Kika bi gida gida kina roƙon ƙaiƙayin alkama, mutane suna ba ki suna kallon juna. Da ruwan kaka ya sauka sosai, kika sa ni na ɗauki buhuna a baya muka hau, muka juye su a ramin. Idanun ruwa uku ne a gindin dutsen. Kika zaunar da 'yarki Fikreta a ɗaya, ni a ɗaya, ke kika tafi Studenac, wanda duk ƙauye ke sha. Mun yi kwanaki muna zuwa tun asuba muna komawa da magariba, ni ina ta mita cewa na zama mai gadin kwaɗi. Wata safiya Fikreta ta zo ta kira ni. Na iske ki durƙushe a bakin Studenac, ƙaiƙayi yana fitowa daga cikin kogon yana juyi a kan ruwa. Wannan ruwan muke sha, da shi muke alwala, da shi ake wanke matattunmu.

Tun daga ranar ba ki yarda an sake jefa mushe a Ramin Hazbiya ba.

Kowa a nan ya san farin abin nan da ke zaune a ruwan kogo, wanda muke kira kifin mutum. Tsawonsa ya ɗan fi taƙi, siriri, fatarsa kamar ta jariri sabon haihuwa, ba shi da ido, da 'yan hannaye masu yatsu uku da ƙafafu masu yatsu biyu, da wata jar geza a bayan kai. Kakata takan ce ɗan dodon da ke kwance a ƙarƙashin dutse ne, kada a taɓa. In ruwa ya cika ya yi ambaliya, yakan watso su cikin makiyayar ƙasa, in ruwan ya janye sai su rage a ciyawa, hankaki su tsince. Ba wanda ya taɓa damuwa. Ke ce kika fara fita da bokiti da tsumma jiƙaƙƙe, kina bin kwatami kina ɗauka. Kikan rufe bokitin da mayafinki, don kin lura haske yana sa su murɗe jiki kamar an ɗiga musu ruwan zafi. Ki sunkuya ki shiga bakin kogon har ruwa ya kai miki gwiwa, a cikin sanyin da ke fasa ƙashi, ki sake su. Na ce miki wata rana ciwon huhu zai kashe ki a kan tsutsa. Kika ce in zai kashe ki ai gara shi da surutuna.

Wata shekara Dinka ta zo, wata malamar jami'a mai nazarin halittun kogo, da kayan ninkaya da jar fitila a goshi. An ce mata akwai tsohuwar da ta san inda suke. Kika ba ta ɗakin Nesib ta sauka, abin da ba ki taɓa yi wa wani baƙo ba. Ta riƙa dawowa duk shekara. Daga bakinta muka ji cewa abin nan ba kifi ba ne, dangin kwaɗo ne da ya ƙi fita daga ruwa. Ta ce yana da ido amma fata ta rufe shi, da hanci da motsin ruwa yake sanin duniya. Ta ce yakan yi shekaru bai ci komai ba, yakan kwanta wuri ɗaya shekaru bai gusa ba, macen kuma sai ta yi fiye da shekara goma kafin ta sake yin ƙwai, ta manna su a ƙarƙashin dutse ta zauna tana gadi. Shi ya sa in suka mutu da yawa a lokaci ɗaya, ba sa dawowa a zamanin wanda ya gani.

Akwai wani babba da ke kwance kusa da wani dutse mai tsaga, a tafkin farko na cikin kogon. Kin daɗe da saninsa. Wata rana mu uku muna tsugune a wurin, jar fitila tana kansa, kika tambayi Dinka shekarunsa nawa. Ta ce ba ta iya yankewa, amma irinsu sukan kai ɗari, wannan kuma ba yaro ba ne.

"To yana nan ke nan ranar da aka kora su Nesib tudu," kika ce.

Sai kika tambayi Dinka me suke ci. Yarinyar kirki ce, ta dube ni kamar in cece ta, amma ba ta yi miki ƙarya ba. Ta ce ƙananan ƙwari na ruwa da dodon koɗi, su kuma waɗannan suna rayuwa ne a kan duk abin da ruwa ya kawo daga sama. Na miƙe na ce in haka ne ni da hannuna zan zuba musu toka. Kika kama ƙafar wandona.

"Zauna, Kan Dutse. Su ba su jefa kowa ba."

Wasu sun yi ta yaɗa cewa Zumreta ta ɗauka ran ɗanta ya shiga kifi. Ƙarya ce, kuma ina so a rubuta cewa ƙarya ce. A gaban liman kika faɗa, ina wurin. Kika ce Nesib yana hannun Ubangijinsa, amma ƙashinsa yana cikin ruwan nan, kuma tunda ba ki samu kin yi masa wanka kin sa shi a likkafani ba, ba za ki bari a zuba masa mushe ba. Kifin kuwa shaidarki ne. Dinka ta gaya miki da fatarsa yake shaƙar ruwa, in ruwa ya ɓaci da ruɓa ko taki ko man inji shi ne farkon mutuwa. Saboda haka muddin kika leƙa kika gan shi kwance yana kaɗa jar gezarsa, kin san ruwan da ke bi ta kan ɗanki mai tsabta ne. Wannan kaɗai kike da shi a madadin kabari.

Dinka da mutanenta sun kafa shingen ƙarfe a bakin ramin, da tazarar da hazbiya da jemage za su iya shiga da fita. Amma ni na san ba shingen ne ya tsare ramin ba. Ƙarfe ana kwance shi da sufana. Ke ce kika tsare shi. Duk gidan da dabba ta mutu, kafin matar gidan ta gama salati kin ji labari. Sai ki ɗauki zarenki da ƙwaryar saƙa, ki hau tudu, ki zauna a kan dutsen da ke gaban shingen kina saƙa safa. Mutum ya iso yana jan mushensa ya tarar da ke. Ba kya ɗaga murya. Sai ki gaishe shi, ki tambayi lafiyar yara, ki ci gaba da saƙa. In ya juya ya tafi haƙa, ki sauko ki dafa masa abinci da shi da masu taya shi, sau da yawa ki karɓi shebur da kanki.

Wanda ya fi wahalar da ke shi ne Sakib, maƙwabcinmu mai shanu da yawa. Ba mugun mutum ba ne, shi ma ya binne wansa daga cikin waɗancan buhuna. Amma yana ganin wanda ya tafi ya tafi, mai rai kuma da aiki a gabansa. Wata shekara ya iso da maraƙi a kafaɗa, ya sauke a gabanki yana haki.

"Nana, kakanki ya jefa, kakana ya jefa, duk sun sha Studenac sun kai tsufa."

"Kakanka ai bai san sabulu ba, Sakib. Ka daina wanka ne?"

Ya yi dariya ba don yana so ba, ya saɓi maraƙinsa ya koma. Haka kuka yi ta yi har gashinsa ya yi fari. In kika yi ciwo shi ne mai kawo miki madara, yana ajiyewa yana cewa ki sha ki warke, don ba ya son ya ci nasara a kan majinyaciya.

A wannan kakar ƙafafunki suka ƙi. Da ambaliyar farko ta zo kika aike ni da bokitin, kina yi mini kashedi kamar yaro, kada in matse su, kada in bar su a rana. Da na dawo kika shinshina hannuna kafin ki yarda na shiga kogon. Bayan 'yan kwanaki kika tafi.

Yanzu ga abin da ya faru bayanki, don ba zan ɓoye miki ba. Mata ba su gama taron addu'a a gidanki ba, ƙamshin alewar sadaka yana tashi a unguwa, sai saniyar Sakib ta mutu wurin haihuwa. Da hantsi na ji kukan taraktarsa ta nufi tudu. Na ɗauki sandata na bi ta yanke. Gwiwoyina ba na da ba ne, amma na riga shi, na zauna a kan dutsenki. Ya iso da saniyar ɗaure da sarƙa a baya, sufana a aljihun riga. Ya kashe inji, ya dube ni, yayyafi yana sauka.

"Baba Arif, ina saƙarka?"

"Ban iya ba. Zama na iya."

"Ta rasu fa. Allah Ya jiƙan ta, na ɗauki makararta da kafaɗata. Amma ta rasu."

"Nesib yana nan."

Na ce masa ya kai gonata ta kwari, inda ƙasa ke da zurfi da laka, ya haƙa inda ya ga dama, na bar masa. Ya ce a wannan ruwan tarakta za ta nutse har gindi, motar kwasar mushe kuma ba ta hawo hanyarmu sai ƙasa ta bushe, shin so nake saniya ta ruɓe masa a ƙofar gida. Na ci gaba da zama. Ya share ruwan fuskarsa, ya ce duk danginmu kanmu ɗaya, ya tada inji ya juya.

Amma ba ƙauye ya nufa ba. Ya bi tsohuwar hanyar masu itace, ya zaga bayan dutse. Da la'asar ya sauko, sarƙa tana jan ƙasa babu komai. Na tare shi na tambaye shi ina ya kai ta. Ya ce ya rabu da ita. Na ce a ina. Ya ce inda ba nawa ba. Na dubi hannunsa da takalminsa, ban ga alamar wanda ya riƙe diga ba.

Zumreta, kin san bayan dutsen nan akwai wasu ramuka, ƙanana, marasa suna, marasa shinge. Ba wanda ya san inda ruwansu ke zuwa. Wataƙila wani kwari yake faɗawa. Wataƙila Sakib ya bar ta ne a daji don kyarketai. Ban gani ba, ba zan yi masa shaidar abin da ban gani ba. Kullum da safe ina sauka Studenac in ɗebi ruwa a tafin hannu in shinshina. Har yanzu ƙamshin dutse nake ji. Amma ruwa ya cika bakin kogon har sama, ba a iya shiga, kuma Dinka ta ce irin wannan ɓarna ba ta nuna kanta da wuri. Sai ruwa ya janye zan sunkuya in shiga in duba wajen dutse mai tsaga. Ban san abin da zan tarar ba. Na kai shekara tamanin ban taɓa jin tsoron leƙa ruwa ba sai yanzu.

Ya Allah, ga baiwarKa Zumreta ta zo gare Ka. Ka gafarta mata, Ka yi mata rahama, Ka yalwata kabarinta, Ka haskaka shi. Ka wanke ta daga kurakuranta kamar yadda ta so a tsabtace abin da ba idon da ke gani. Tausayin da ta nuna wa makauniyar halittarKa, Ka sa ta same shi a mizani. Ka haɗa ta da mijinta da ɗanta a inda ba a raba uwa da ɗa. Ka jiƙan duk waɗanda aka kora tudu a wancan rani, wanda aka samu da wanda ba a samu ba.

Ina miƙa ta'aziyyata ga 'yarta Fikreta da mijinta da 'ya'yansu, da 'yan'uwanta da ke Sanski Most, da Dinka wadda ta taho daga nesa ta zauna cikin mata tana kuka kamar 'yar cikinta, da dukan mutanen Kostrin na gida da na waje, har da Sakib. Allah Ya ba mu haƙurin rashinta. Mu kuma in tamu ta zo, Allah Ya sa mu cika da imani, Ya sa a same mu a binne. Amin.